Yadda Ake Ɗora Sabon Allon Cikin Ƙofa a Tsohuwar Motar da Ake Farfaɗowa

Allon cikin ƙofa shi ne faffaɗan rufin nan da ke lulluɓe ƙarfen ƙofar mota daga ciki, wanda hannun buɗe ƙofa da hannun ɗaga gilashi da madogarin hannu suke fitowa ta jikinsa. A yawancin motocin da aka ƙera daga shekarun 1950 zuwa ƙarshen shekarun 1970, ba wani abu ba ne illa siririn allo na matsattsen garin katako ko kwali mai tauri, kaurinsa wajen milimita 3, an shimfiɗa masa soso marar kauri, sannan an ja fata ko ledar binil a kansa an naɗe bakinta ta baya. Idan aka ga ya kumbura daga ƙasa, ya lanƙwashe, ko ya fara marmashewa a wuraren da kilif, wato 'yan maƙalan da ke haɗa shi da ƙarfen ƙofa, ke riƙe shi, to ba tsufa kaɗai ya jawo ba, ruwa ne ya daɗe yana taɓa shi ta baya. Duk ƙofar mota tana shan ruwa, domin robar da ke goge gilashi ba ta taɓa hana ruwan sama gangarawa ciki gaba ɗaya ba, ko da motar tana sabuwa. Saboda haka wanda ya cire ruɓaɓɓen allo ya manna sabo ba tare da ya gyara abin da ke bayansa ba, zai sake sayen wani cikin 'yan shekaru. Mafi yawan wannan aiki a cikin ƙofar ake yin sa, ɗora allon kansa ba ya wuce mintuna kaɗan.

Abin da za a tanada

Ana buƙatar sukundireba mai faɗi da mai giciye, da filaya mai dogon baki, da sabuwar reza ko wuƙa mai kaifi sosai, da salatif na takarda, da alli ko alƙalami. Ana kuma buƙatar abin ɓamɓarar allo, wato ɗan ƙarfe ko roba mai faɗi da bakinsa ya rabu biyu kamar cokali mai yatsu, wanda yake shiga ya kewaye kilif ya ɗago shi. Sukundireba tana iya yin aikin, amma ita ce ta fi yawan karce fenti da yaga allo, don haka idan ba makawa sai da ita, a naɗe bakinta da salatif. A tanadi leda mai kauri, wajen milimita 0.1 zuwa 0.15, da gam ɗin butil mai kama da igiya wanda ba ya bushewa, da giris, da kakin hana tsatsa, da fentin katako mai hana ruwa shiga. A sayi sababbin kilif irin na motar, har da 'yan robobin da suke zama a ramukan ƙofa idan motar mai irin su ce, kuma a sayi fiye da adadin da ake buƙata, domin da wuya a gama ba a karya ɗaya ko biyu ba.

Kwana ɗaya ko biyu kafin aiki, a fitar da sababbin allunan daga kwali a kwantar da su a shimfiɗe a wuri mai ɗumi. Binil mai sanyi yana da tauri, yana riƙe alamar naɗi, kuma yakan tsage a inda aka lanƙwasa shi. Kada a jingine su da bango, domin siririn allo yana karkacewa da nauyin kansa.

Mataki na farko: cire hannaye

A ɗauki hoton ƙofar daga ciki, gilashi a rufe, yadda za a ga inda hannun ɗaga gilashi yake fuskanta. Idan motar tana da gilashin lantarki ko fitila a jikin ƙofa, a cire wayar batir kafin a taɓa komai. Ƙofa ɗaya ake yi a gama kafin a koma ɗayar, saboda wadda ba a kwance ba ita ce za a riƙa dubawa duk lokacin da aka manta yadda wani abu yake zaune.

Hannun ɗaga gilashi shi ne ya fi ba sabon shiga wahala, domin ba a ganin abin da ke riƙe da shi, kuma masu ƙera motoci sun bi hanyoyi uku. Hanya ta farko ita ce ɗan tsinken ƙarfe da ya ratsa gindin hannun da sandar da yake juyawa. Haka yake a Volkswagen Beetle da aka ƙera kafin 1968 da kuma tsofaffin motocin Ingila da dama. A nan ana danna zoben da ke bayan hannun zuwa jikin allo har tsinken ya bayyana, sai a tura shi waje da siririyar ƙusa. A shimfiɗa tsumma a ƙasa, domin tsinken ƙarami ne ƙwarai, in ya faɗi da wuya a gan shi. Hanya ta biyu ita ce ɗan kilif na waya mai siffar kofaton doki da ke ɓoye tsakanin hannun da zobe, wanda ya yawaita a motocin Amurka da na Japan. Akwai ƙarfe na musamman na ture shi, amma idan babu, ana zura bakin tsumma a bayan hannun a riƙa jan sa hagu da dama har ya kamo kilif ɗin ya fizgo shi. Hanya ta uku ita ce sukuru a tsakiyar hannun, wani lokaci a fili, wani lokaci a ƙarƙashin murfin roba da ake ɗagawa, kamar a Beetle daga 1968. Duk wadda ta kasance, kada a ja hannun da ƙarfi kafin a gano abin da ke riƙe da shi, domin da yawa daga cikin waɗannan hannaye an yi su ne da narkakken ƙarfe mai gautsi wanda ba ya lanƙwasa, karyewa yake yi.

Daga nan sai a cire hannun buɗe ƙofa, wanda galibi tsarinsa ɗaya da na gilashi, ko kuma yana cikin ɗan kwano mai sukuru ɗaya a ɓoye. Madogarin hannu yawanci manyan sukurori biyu ko uku ne suke riƙe da shi daga ƙasa, ko da yake a wasu motocin daga bayan allo aka ɗaure shi, sai ya fita tare da allon. Maɓallin kulle da ke saman ƙofa warware shi ake yi kamar noti. A zuba kayan kowace ƙofa a mazubinsu daban, a rubuta hagu ko dama, kuma a lura da tsawon kowane sukuru da ramin da ya fito.

Mataki na biyu: ɓamɓare tsohon allo

A fara daga kusurwar ƙasa. A zura abin ɓamɓara a laluba har a ji ya ci karo da kilif, a kewaye shi, sannan a ɗaga. Kada a ɗaga a tsakanin kilif biyu, domin a nan allon ne zai yage ya bar kilif a ƙofa. Wani zai ce ai allon na shara ne, ina ruwa da yagewarsa? Amsar ita ce tsohon allo shi ne ma'aunin da ya fi kowane daidai, shi ne zai nuna inda kowane rami da kowane ƙarfen ado yake, don haka ana so ya fito a cike. A bi gefe da gefe har a saki dukkan kilif, sannan a ɗaga allon sama idan samansa maƙale yake a bakin taga.

Ba kowace mota ake ɓamɓara ba. A Mercedes W124, alal misali, ƙugiyoyin roba ne a bayan allon suke shiga ramukan ƙofa, kuma ana sakin su ne ta hanyar ɗaga allon gaba ɗaya zuwa sama. Wanda ya ja irin wannan zuwa waje zai kakkarya ƙugiyoyin. Idan an laluba ba a ji kilif ba, kuma allon ya ƙi motsi, a dakata a gwada ɗagawa.

Da allon ya rabu da ƙofa, a duba sandunan hannaye. A motoci da yawa akwai sifirin mai siffar mazurari a kan kowace sanda, wanda yake tura allon zuwa jikin zoben hannu don kada a ga rata. A lura da ɓangaren da ke kallon allo kafin a cire shi. A yawancin motoci faffaɗan ɓangaren ne, amma abin da aka tarar shi za a bi.

Mataki na uku: gyaran cikin ƙofa

Yanzu ƙofa a buɗe take, kuma ba za ta sake buɗuwa haka ba sai bayan shekaru idan aikin ya yi kyau. A cire tsohuwar leda ko takardar da aka manna a kan ƙarfen, idan ma akwai sauranta, a kankare busasshen gam. A zura hannu zuwa ƙasan ƙofar a kwashe ƙasa da ganye da ɓaraguzan gilashi da suka taru. A ƙasan kowace ƙofa akwai 'yan ramuka, sau da yawa biyu ko uku, waɗanda ruwa yake fita ta cikinsu. A nemo su a buɗe da waya, domin sau da yawa laka ce ta toshe su, wani lokaci kuma mai fenti ne ya cike su da ƙwaɓin gyaran jiki bai sani ba. Ƙofar da ramukanta suka toshe tana riƙe ruwa kamar kwano, kuma daga wannan gindin ne tsatsa take fara cin ta. A goge tsatsar da aka samu da burushin ƙarfe, a shafa maganin tsatsa da fenti, bayan sun bushe a fesa kaki a cikin haɗin ƙarfen ƙasa, sannan a sake duba cewa kakin bai rufe ramukan ba.

A wanke tsohon giris daga haƙoran injin ɗaga gilashi da hanyoyin da yake bi, a sa sabo. A ɗiga mai a makulli da mahaɗan sandunansa, a canja 'yan robobin da ke riƙe sandunan idan sun saki, domin su ne suke kawo ƙarar nan da ake ji a ƙofa a kan hanya marar kyau. Idan robar goge gilashi ta waje ta bushe ta tsattsage, yanzu ne lokacin canja ta. A mayar da hannu a kan sanda na ɗan lokaci, a ɗaga gilashi a sauke sau da yawa, a kulle a buɗe daga ciki da waje. Duk abin da bai gamsar ba a gyara shi yanzu.

Sai ledar kare ruwa, wadda ita ce ran allon. A shimfiɗa leda a kan ƙarfen ciki, a riƙe ta da salatif, a zana iyakarta yadda za ta rufe dukkan manyan ramukan ƙofar amma ba za ta leƙo ta gefen allo ba. A zagaya igiyar butil a kan ƙarfen, ta cikin layin ramukan kilif, ba tare da yankewa ba, a danna ledar a kai. Ana zaɓar butil ne saboda yana barin a ɓare leda a sake manna ta idan wani gyara ya taso, alhali gam mai bushewa sai an yaga. Abin da aka fi kuskurewa shi ne ƙasan ledar. Ruwan da ya fantsamo a bayanta gangarowa yake yi, kuma idan an manna ƙasanta a miƙe a wajen ƙarfe, sai ya taru a kan gam ɗin har ya sami ɓaraka ya fito daidai gindin allo. Dabarar ita ce a sa ruwan ya koma cikin ƙofa. A wasu motocin akwai tsaga a ƙasa da ake cusa bakin ledar a ciki. Inda babu, a yanko wani ƙyallen leda a manna shi ta bayan babbar, ya sauka ya shige cikin kowane babban rami kamar labule, sannan a karkata layin butil na ƙasa zuwa ramukan da ke mayar da ruwa ciki. A huda wa sandunan hannaye ƙananan ramuka daidai kaurinsu. Kafin a ci gaba, a rufe gilashi a zuba ruwa a kansa daga waje na 'yan mintuna, a tabbatar yana fita ta ƙasan ƙofa kuma fuskar ledar ta ciki a bushe take.

Mataki na huɗu: shirya sabon allo

A kifa sabon allo a kan bargo mai tsabta, a ɗora tsohon a kansa, a gwada gefuna da ramuka. Allunan da ake ƙerawa yanzu don tsofaffin motoci ba kasafai suke zuwa daidai ɗari bisa ɗari ba, kuma ƙirar mota ɗaya tana iya samun canji a wurin hannaye daga shekara zuwa shekara. Idan bambancin babba ne, a mayar da allon tun ba a yanka shi ba, domin mai sayarwa ba zai karɓi yankakke ba. Idan na milimita biyu ko uku ne, ana iya gyarawa. A shafa wa bayan allon fentin hana ruwa sau biyu, a kula da gefen ƙasa da cikin ramukan kilif, a bar shi ya bushe sosai a shimfiɗe.

Ƙarafan ado masu sheƙi yawanci ba sa zuwa da sabon allo, daga tsohon ake ɗebo su. Suna da 'yan kunnuwa da suka ratsa allon aka lanƙwasa ta baya. A miƙe kowane kunne a hankali, iyakar yadda zai fita kawai, domin ba ya jure lanƙwasa fiye da sau biyu ko uku. A auna wurin kowane rami daga gefen tsohon allo, a sa alama a sabon, a huda da tsinke mai kaifi daga fuskar binil, a zaunar da ƙarfen, a duba miƙewarsa da ido daga nesa kafin a lanƙwasa kunnuwan. Idan motar tana da gashin goge gilashi na ciki, wato siririn layi mai gashi da gilashi ke gogawa, a saman allo, a ɗaura sabo yadda aka ɗaura tsohon. Aljihun ƙofa da madogarin hannu mai ɗauri ta baya su ma yanzu ake sa su.

Daga nan a jera kilif. Na ƙarfe suna maƙalewa ne a bakin ramin allo, kuma suna iya juyawa ko matsawa kaɗan, wanda hakan shi ne yake ba da damar daidaita su da ramukan ƙofa. A manna guntayen salatif a fentin ƙofa kusa da kowane rami, inda allon ba zai rufe ba, a ja layi mai nuna tsakiyar ramin. Idan allo ya hau, ramukan sun ɓace wa ido, waɗannan layuka ne kawai za su nuna inda za a buga. A danna sababbin robobi a ramukan ƙofa, a ɗan shafa musu giris ko sabulu.

Mataki na biyar: gwaji da yanka

Sababbin alluna da yawa suna zuwa da ramuka a katakon amma binil ɗin a rufe. Kada a yanke shi a kan tebur bisa ramin katako ko bisa tsohon allo. A rataya allon a ƙofa da kilif biyu ko uku na sama, a duba ratar gefuna ta yi daidai, a danna a hankali har kan sandar hannu ya turo binil daga baya. A daidai wannan tudu za a yi ƙaramar tsaga mai giciye, a danna sandar ta fito, sannan a faɗaɗa kaɗan kaɗan. Zoben hannu yana rufe 'yan milimitoci ne kawai a kewayen sanda, don haka ramin da ya yi kaɗan ana ƙara shi, wanda ya yi yawa kuwa zai kasance a gaban ido muddin allon yana jikin motar. Idan ramin katakon ne bai zo daidai ba, a sauke allon a ci gefensa da zarto mai zagaye daga baya, ba tare da an taɓa binil ba.

Ramukan sukurorin madogarin hannu ana nemo su ne da siririyar allura, a soka ta cikin binil har ta faɗa ramin ƙarfe. Hudar allura ba ta barin tabo, don haka ana iya laluba sau biyu ko uku. Inda ake buƙatar babban rami, kamar na kwanon hannun buɗe ƙofa, a tsaga binil daga tsakiya zuwa kusurwoyi, a tsaya kafin a kai baki, a naɗe yankunan ta baya a manna su da gam mai jure zafi, domin cikin motar da ke tsaye a rana yana narkar da gam na gama-gari.

Mataki na shida: ɗorawa

A sauke allon, a mayar da sifirin a kan sanduna, a haɗa wayoyin sifika ko fitila idan akwai. A sauke gilashi ƙasa idan saman allon maƙalawa yake yi a bakin taga, a zura maɓallin kulle ta raminsa, a zaunar da saman. Sannan a leƙa ta gefe a tabbatar bakin kowane kilif yana kan raminsa kafin a buga ko ɗaya. Wanda ya kauce a juya shi da filaya mai dogon baki. A buga da tafin hannu daidai kan kilif, ba da guduma ba, a fara daga sama a sauko ta gefuna biyu a ƙare a ƙasa. Kilif da ya shiga yana ba da ƙara ɗaya mai tsabta. Idan an buga sau biyu bai shiga ba, to ba ya kan rami, kuma bugu na uku zai lanƙwasa shi ko ya turo shi ta fuskar binil.

A mayar da madogarin hannu da sukurorinsa na asali. Sukurun da ya fi na asali tsawo yana iya kaiwa hanyar gilashi ya karce shi ko ya fasa shi a lokacin saukewa, kuma ɗaurin da ya wuce kima yana lotsa allo ya tattare binil a kewaye. A rufe gilashi gaba ɗaya, a sa zobe, a zaunar da hannun ɗaga gilashi a kusurwar da hoton farko ya nuna, wadda ba za ta tokare gwiwar mai zama ba. Mai kilif na waya ana sa masa kilif ɗin a gindinsa tun da farko, sai a danna shi a kan sanda har ya kama. Mai tsinke kuwa sai an danna zoben da ƙarfi a kan sifirin kafin ramin ya bayyana, kuma a nan hannu na uku yana da amfani.

A mayar da wayar batir, a ɗaga gilashi a sauke har ƙarshe ana saurare ko yana gogar wani abu, a gwada kulle daga ciki da waje tun ƙofa tana buɗe, sannan a rufe ta a hankali a duba ko gefen allon yana cin robar ƙofa. Idan binil ya ɗan tattare, a bar motar a rana na 'yan sa'o'i ko a bi wurin da iskar na'urar busar da gashi daga nesa, yawanci yana miƙewa da kansa. A ɓare salatif ɗin alama, a koma ƙofa ta biyu, a daidaita hannun gilashinta da na farko yadda su biyun za su fuskanci wuri ɗaya idan gilasai suna rufe. Tsofaffin allunan kuma a ajiye su a shimfiɗe a wuri busasshe, domin su kaɗai ne ke ɗauke da ainihin awon ramukan wannan mota.